Yadda za a koya wa ɗalibai tsara gwaji a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje

Wata malama da ke koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare ta aiko da tambaya. Ta ce ɗalibanta sun haddace matakan binciken kimiyya tsaf, suna jero su a jarrabawa ba gargada, amma duk ranar da ta ce su tsara gwaji da kansu sai su yi zuru. Ajinta ya kai yara 70, makarantar kuma ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Ta ina za ta fara?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Zurun da yaranki suke yi ba rashin kai ba ne, kuma rashin ɗakin gwaje-gwaje shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. Ki duba kowane gwaji da ke cikin littafin da kike koyarwa da shi. Marubucin ya riga ya zaɓi abin da za a sauya, ya zaɓi abin da za a auna, ya faɗi sau nawa za a yi, sau da yawa ma ya faɗi sakamakon tun daga kan shafin. Abin da ya rage wa yaro shi ne ya zuba ruwa ya kwafe. To waɗannan zaɓe-zaɓen da aka ɗauke masa, su ne tsara gwajin. Yaron da bai taɓa yanke irin wannan shawara da kansa ba, ko makarantarsu tana da kwalabe da sinadarai cike da ɗaki, ranar da aka ce ya tsara zai yi zuru kamar naki. Aikinki shi ne ki mayar wa yaran waɗannan shawarwari hannunsu, ɗaya bayan ɗaya, kina tsaye a kansu.

Ki fara da musu a kan abin da kowa a ajin ya sani. Ni randa nake so. Ki tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi ruwan bokitin roba sanyi. Wani zai ce yumɓu dama sanyi gare shi. Wata za ta ce ai a lungu ake ajiye randa, rana ba ta taɓa ta. Wani kuma zai ce saboda jikinta yana tsattsafo. Ki rubuta duka ukun a allo, kada fuskarki ta nuna wadda kika fi so, don yaranmu sun ƙware wajen karanta fuskar malami. Sannan ki yi tambayar da ita ce ginshiƙin darasin gaba ɗaya: ta yaya za mu gane wanda ya yi daidai? Daga nan ki yi shiru. Wata mai binciken koyarwa a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai ba sa jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshin yara suna tsawo, masu yin magana ma suna ƙaruwa. Daƙiƙa uku a gaban yara 70 tana da nauyi, amma ki daure.

Shirin farko da za su kawo zai zo da aibi, kuma haka ake so. Galibi cewa za su yi a zuba ruwa a randar da ke ofishin malamai, a zuba wani a bokiti a ajiye a tsakar makaranta, bayan awa ɗaya a taɓa a ji. Kada ki gyara. Ki ce: to mun taɓa, na randa ya fi sanyi. Me ya jawo, randar ko inuwar? Nan za ki ga wasu fuskoki sun sauya. In ba su kama ba, ki kawo musu tsere: yara biyu sun yi gudu, ɗaya yana gangara hannu rabbana, ɗaya yana hawan tudu da jarkar ruwa a ka, wa zai yarda cewa an san wanda ya fi gudu? Ba yaron da ba zai ce an yi rashin adalci ba. Gwaji ma adalci yake bukata, kuma adalcinsa shi ne abu ɗaya tak ya bambanta tsakanin abubuwan da ake kwatantawa.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa a bar yara su gano komai da kansu. Wannan ƙa'idar ta sauya abu ɗaya a bar sauran, faɗa musu ita za ki yi ƙarara, ki nuna musu gwaji mai adalci da marar adalci gefe da gefe, ki bayyana dalili. An gwada wannan. A shekarar 2004 wasu masu bincike, David Klahr da Milena Nigam, sun yi aiki da yara 112 na aji uku da huɗu na firamare a Amurka, suna gangaro da ƙwallo a kan katako don gano abin da ke sa ta yi nisa. Duka yaran sun taɓa kayan da hannunsu. Amma waɗanda aka zauna aka yi wa bayanin ƙa'idar, kashi 77 cikin 100 sun iya tsara gwaji mai adalci, waɗanda aka bari su lalubo da kansu kuwa kashi 23 ne kawai. Ƙa'idar daga bakinki za ta fito. Yin amfani da ita a kan sabuwar tambaya, wannan nasu ne, kuma a nan ne ya kamata ki janye hannu.

Ki koya musu tambayoyi uku da za su riƙa yi wa kowane shiri: me za mu sauya, me za mu auna, me za mu bari yadda yake? Sunayensu na Turanci da jarrabawa ke nema za su biyo baya, kuma za su zauna da kyau in ma'anar ta riga su shiga.

Mu koma kan randa. In suna so su gwada maganar tsattsafo, hanya mafi sauƙi ita ce robar ruwa biyu iri ɗaya, a cika su da ruwan rijiya ɗaya, a raba tsumma ɗaya biyu a naɗe kowace, a jiƙa tsumman ɗaya a bar ɗayan a bushe, a rataye su a inuwa ɗaya, a riƙa aunawa duk bayan minti goma. Ma'aunin zafi guda ɗaya ya wadatar. Akwai ƙananan abubuwa biyu da nake so ki bari yaran su yi gardama a kansu. Na farko, me ya sa za a naɗe ta biyun da busasshen tsumma, ba a bar ta tsirara ba? Saboda in aka bar ta haka, abu biyu ne suka bambanta, tsumma da laima. Na biyu, da wane ruwa za a jiƙa tsumman? In aka jiƙa shi da ruwan sanyi, wani yaro mai wayo zai ce ai sanyin ruwan ne ya ratsa, kuma ya yi gaskiya. Dole a jiƙa shi da irin ruwan da ke cikin robar. Duk ranar da yaro ya hango irin wannan da kansa, ki tsayar da aji ki yaba masa, don ya yi ainihin aikin da ake nema.

Robar mai jiƙaƙƙen tsumma za ta fi sanyi, domin ruwa ba ya zama tururi ya tashi sai ya kwashi zafi daga abin da yake manne da shi. Daga nan tambayoyi za su fara haihuwa. In aka naɗe randa da leda ruf, za ta ci gaba da sanyaya ruwa? In aka yi fifita fa? Lokacin hunturu da iska ta bushe da watan Agusta da ta cika da laima, yaushe bambancin zai fi yawa? Wannan ta ƙarshen ta cancanci a ajiye sakamakon a maimaita bayan wata shida. Ki kuma ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Dutse ta jihar Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba a ƙauyukan da ba wutar lantarki. Wannan aikin ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ke aiki cikin tukwanensa shi ne abin da yaranki suka auna a roba.

Batun yawan yara. Akwai gwajin da yawan ma taimakonsa yake yi, wato lilo: dutse ɗaure da zare. Ki raba su rukuni goma. Tambayar ita ce me ke sa lilo ya yi sauri ko ya yi nawa, nauyin dutsen, tsawon zaren, ko nisan da aka ja shi kafin a saki? Kafin kowa ya taɓa zare, kowane yaro ya rubuta hasashensa da dalilinsa da biro. Kusan duka za su ce nauyi. Sai su gwada, su ƙirga zuwa da dawowa nawa lilo ya yi cikin daƙiƙa 30, ke kina riƙe da agogon waya kina ba da umarnin farawa da tsayawa ga aji duka. Zare mai santimita 25 zai yi kusan 30, mai santimita 50 kusan 21, mai mita ɗaya kusan 15. A ninka nauyin dutsen, adadin ba zai motsa ba, muddin tsawon bai sauya ba. A nan ma akwai tarko: in suka ɗaura dutse na biyu a ƙarƙashin na farko, sun ƙara tsawo ba su sani ba, don ana auna tsawon ne zuwa tsakiyar nauyin. Ki kuma hana su jan lilon da nisa sosai. A ƙarshe ki ja layi a saman allo ki rubuta lambobi daga 10 zuwa 35, kowane rukuni ya zo ya manna zarensa a ƙarƙashin adadin da ya samu. Zarurrukan da kansu za su zana lanƙwasar da ke nuna dangantakar tsawo da sauri, yaro na bayan aji ma zai gani. In wani zare ya fita daga sahu, kada a cire shi. A tambayi rukunin yadda suka ƙirga, sau da yawa za a tarar zuwa kaɗai suka ɗauka a matsayin ɗaya.

Bayan sun riƙe adalci, sai abu na gaba, wanda lilo ba ya koyarwa sosai amma wake yana koyarwa. Ki ce su gwada ko takin gida yana sa wake saurin girma. Za su kawo gwangwani biyu, ƙwaya ɗaya a kowane. Ki tambaya: in ƙwayar da ke cikin mai takin dama matacciya ce fa? Sai su ga dalilin sa ƙwaya goma a kowane gwangwani, da gwangwani uku ko huɗu a kowane ɓangare. Sannan ki zuba ido lokacin da suke rabon irin. Ba tare da niyyar ha'inci ba, hannu zai riƙa kai manyan ƙwayoyi masu sheƙi cikin gwangwanin taki, kuma shi za a ajiye kusa da taga, saboda zuciya ta riga ta zaɓi wanda take so ya ci. Maganin wannan ƙuri'a ce: a sa wa gwangwanaye lamba, a rubuta lambobin a takarda, a cakuɗa a hula, a zaro waɗanda za su sami taki, a sake zaro wurin da kowane zai zauna. Wani masanin lissafi, Ronald Fisher, ne ya kafa wannan tsari bayan ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, inda matsalarsa ita ce ƙasar gona ba ta zama ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da maimaitawa da ƙuri'a ake gwada sabon iri har yau, a Samaru ta Zariya da sauran cibiyoyin binciken noma. Yaran da iyayensu manoma ne sun san gefen gona mai jigawa da gefe mai fadama, ba za su sha wuyar gane dalilin ba.

Waken zai ba ki wani darasin kyauta. Ki sa wani rukuni ya kwatanta wanda ya tsiro a haske da wanda ya tsiro cikin kwali a rufe, su auna tsawo. Na cikin duhu zai fi tsawo, siriri, fari-fari, ba ƙwari. In tsawo kaɗai suka ce za su auna, lissafinsu zai ce duhu ya fi. Sai su koma su sake tunanin me suke nufi da girma, ko yawan ganye ne, ko kauri, ko launi. Zaɓen abin da za a auna shawara ce mai zaman kanta, kuma littafi ya saba yanke ta a ɓoye.

Ba kowane mako za ki iya yin gwaji ba, na sani, ga manhaja tana jiran a ƙare ta, ga minti 40 na darasi. Bincike ɗaya cikakke a kowane zango ya isa, in aka yi shi da kyau. Sauran makonni ki ware minti biyar a farkon darasi ki rubuta gurguwar hujja a allo su nemo aibinta. Misali: wani ya sha maganin mura, bayan kwana bakwai ya warke, saboda haka maganin yana aiki. Ko ki ba su labarin James Lind, likitan jirgin ruwan Birtaniya mai suna Salisbury. A 1747 ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar da ke kumbura dasashi ta sa shi zubar jini, ya raba su biyu-biyu, abincinsu ɗaya, wurin kwanansu ɗaya. Wasu ya ba su ruwan teku, wasu binega, biyu kuma ya ba su lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kullum. Lemon ya ƙare cikin kwana shida, amma kafin nan ɗaya daga cikin biyun ya koma bakin aiki. Ki tambayi yaran me Lind ya yi daidai, me kuma za su gyara. Za su ce mutum biyu sun yi kaɗan, za su tambaya yadda ya zaɓi masu shan lemon. Yaron aji biyu da ya iya yi wa likitan sojan ruwa gyara ya fara ganin kansa a cikin masu wannan sana'a. Ibn al-Haytham ma, masanin ilimin haske wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da ta wuce, ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, yana rufe fitila ɗaya yana duba wane ɗigon haske ne ya ɓace a bango. Da kwali da tocilan biyu za a maimaita wannan.

Akwai gwaji ɗaya da nake roƙonki ki yi, saboda yana koya wa yaro cewa bayanin da aka saba ji ma ana iya gwada shi. A kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kunna, a kife kwalba a kai. Wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Bayanin da ya yaɗu shi ne wuta ta cinye iskar oksijin, wadda take kusan kashi 21 cikin 100 na iska, ruwa ya maye gurbinta. To in haka ne, kyandir ɗaya ko uku, oksijin ɗin kwalbar ɗaya ne, ruwan ya kamata ya tsaya wuri ɗaya. Ku gwada. Da kyandir uku ruwan ya fi hawa. Kuma in an lura, yawancin hawan yana zuwa ne bayan wutar ta mutu. Babban dalilin shi ne zafi ya buɗa iskar, wata ta fice, da ta huce ta tsuke sai ruwa ya shigo. Wannan ke za ki yi shi da hannunki a gaban aji, yara su yi hasashe su lura, kada ki raba ashana ga rukuni goma. Haka kuma ki kafa doka tun ranar farko cewa ba a ɗanɗana komai a darasin kimiyya.

Wajen gardama, ki bar su su yi da Hausa. Yaron da aka tilasta wa yin musu da harshen da bai gama mallaka ba, shiru zai yi, ke kuma ki ɗauka ba shi da tunani. Su daddale shirinsu da harshen da suke tunani da shi, sannan su rubuta da Turancin da jarrabawa ke so. A cikin rukuni kuma ki riƙa juya aiki. In kika bari, yara biyu masu baki za su riƙe zare da ma'auni daga farkon zango zuwa ƙarshe, 'yan mata da masu kunya su zama marubuta kawai. Kowa ya taɓa, kowa ya auna, kuma ke za ki zaɓi wanda zai tashi ya kare shirin rukuni, ba su ba.

Sai maki, wanda shi ne yake rusa duk abin da na faɗa in ba a kula ba. Muddin maki yana kan samun amsar da ke cikin littafi, yara za su goge abin da suka auna su rubuta abin da suke zaton kina so, kuma kin koya musu ƙarya ba ki sani ba. Shi ya sa na ce da biro. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, a rubuta sabo a gefe, tsohon yana nan ana gani. In maki 20 ne, ki sa takwas a kan shirin da suka rubuta kafin su fara, wato ko abu ɗaya suka sauya, ko sun faɗi abin da za su auna, ko sun tanadi maimaitawa. Ki sa shida a kan jadawalin awo kamar yadda ya fito, har da lambar da ta fita daga sahu. Shidan ƙarshe a kan hukuncin da suka yanke, ko ya tsaya iya inda awonsu ya kai, da abin da za su gyara in za su sake. Rukunin da hasashensa ya faɗi, ya rubuta cewa ya faɗi, ya kawo dalili, zai iya cinye 20 ɗin duka. Ki sanar da su wannan rabon tun kafin su fara, ki rubuta shi a gefen allo ya zauna har ƙarshen zango. Ki kuma karɓi shirin kowane rukuni ki sa hannu a kansa kwana ɗaya kafin ranar gwaji, ta haka za ki san kayan da za a nema, kuma ba wanda zai sauya hasashensa bayan ya ga sakamako.